MAI BI DA TAKARDAR TAFIYA: Gargaɗi ga Masu Neman Aiki a Wata Ƙasa

Ya ku 'yan'uwa ƙaunatattu cikin Ubangiji, ku da kuka karɓi baftisma ba da daɗewa ba, da ku da kuke cikin ajin masu neman sani, a Mahuta da ƙauyukan ƙasar Funtua da Malumfashi:

Kun sani kowace shekara, da an kai masara da dawa rumbu, an sayar da auduga da waken suya, sai maganar tafiya ta tashi a bakin samari. Dā maganar cin rani ce, a je Kano ko Kaduna ko Ikko, a komo kafin ruwan shuka. Yanzu kuwa magana ta wuce nan. Wani ya ce Saudiyya, wani Libiya, wani Dubai, wani Ingila. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 tsadar taki da ta abinci ta hau, 'yan bindiga kuma sun hana noma a gonakin daji da yawa ta wajen Faskari da Sabuwa da Dandume. Saboda haka ba abin mamaki ba ne zuciyar saurayi ta karkata zuwa nesa. Masu bi suna tambaya, suna cewa, Ya halatta mai bin Yesu ya bar garinsu ya tafi neman aiki a ƙasar waɗansu? In ya halatta, ta wace hanya? Wannan 'yar takarda amsar tambayar nan ce.

1. Tafiya ba zunubi ba ce

Kakanninmu matafiya ne. Sun kora jakuna zuwa Gwanja sun ɗauko goro, sun kafa zango a Salaga da Kumasi. Waɗansu sun yi gabas da ƙafa, sun yi aikin auduga a gonakin Jazira na ƙasar Sudan, waɗanda aka buɗe a 1925. Waɗansu sun haƙa kuza a Jos. Cikin Littafi Mai Tsarki ma haka ne. Yakubu ya tafi Haran ya yi kiwo shekara 20. Na'omi da mijinta sun tafi Mowab saboda yunwa. Manzo Bulus ya ɗinka alfarwa a Korinti domin ya ci da guminsa. Allah bai ɗaure kowa a inda aka binne cibiyarsa ba.

Amma fa ka binciki zuciyarka tukuna. Mutumin da ya fita domin ya ciyar da iyali, ya sayi taki, ya biya wa yara kuɗin makaranta, niyyarsa mai kyau ce. Wanda ya fita domin gudun bashi, ko domin ya gaji da matarsa, ko domin ya ga tsaransa ya sayi babur shi bai saya ba, wannan ya ɗauki cutarsa a ƙirji, ba kuwa ƙasar da za ta warkar da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

2. Fasfo da biza

Da yawa suna ruɗewa a nan, 'yan damfara kuwa da ruɗewar nan suke ci. Takardu biyu ne, kowace da aikinta.

Fasfo takardar ƙasarku ce. Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ce take ba da shi, tana shaida wa duniya cewa wannan mutum namu ne, ga sunansa, ga kamanninsa. Ba a samunsa sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ake ce da ita NIN. Kai da kanka za ka je ofishinsu, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka.

Biza kuwa iznin waccan ƙasa ce, ta hannun ofishin jakadancinta. Ita take cewa, Mun yarda ka shigo, domin abu kaza, har kwana kaza. Akwai bizar ziyara, akwai ta karatu, akwai ta ibada, akwai ta aiki. Kowace ƙofa ce dabam. Wanda ya shiga da bizar ziyara ya kama aiki ya karya dokar masu gida. Bizar aiki kuma, a yawancin ƙasashe, ba ta fitowa sai an sami mai ba da aikin, sananne ga hukumarsu, wanda ya rubuta cewa yana bukatarka. Aiki ne yake jawo biza. Kowa ya ce maka, Kawo kuɗi in samo maka bizar aiki, in ka sauka ka nemi aikin, to ka san maganarsa a juye take.

Ƙasashen ƙungiyar ECOWAS, kamar Gana da Togo da Binin, sun yi yarjejeniya a 1979 cewa mutanensu su shiga wa juna ba biza har kwana 90. Amma ko a can sai da takardar tafiya, in kuma zama ya wuce wa'adin nan sai an nemi iznin zama.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce, ba ruwan mai bi da ita. Ka duba sura ta 2 ta Littafin Nehemiya. Nehemiya bawan sarkin Farisa ne, zuciyarsa kuwa tana Urushalima. Ya yi addu'a, sa'an nan ya faɗa wa sarki inda za shi da abin da za ya yi. Sarki ya tambaye shi tsawon tafiyar, ya yanka masa lokaci. Ya kuma roƙi wasiƙu zuwa ga hakiman ƙasashen da za ya ratsa, domin su bar shi ya wuce. Ga mutumin da Allah ya aika, duk da haka bai raina takardar sarki ba. Addu'a a gaba, gaskiya a baki, wasiƙa a hannu: tafiyar mai bi ke nan.

3. Ƙarya uku da take jiran matafiyi

Ta fari, ƙaryar suna da shekara. Yawancinmu a gida aka haife mu, ba takardar haihuwa. Sai a je kotu a yi rantsuwar shekaru. Ka tuna fa rantsuwa ce, Allah kuwa yana ji. In ba ka san ranar ba, ka tambayi tsofaffin gidanku, su auna da abin da ya faru a shekarar, ka faɗi abin da ya fi kusa da gaskiya. Kada ka yanke shekara biyar domin dillali ya ce matasa ake so. Kada ka ɗauki takardar makarantar wanka ka ce taka ce. In sunan baftismarka ya bambanta da sunan da aka rubuta maka a makaranta, akwai hanyar halal: a yi rantsuwar canjin suna a kotu, a buga a jarida, takardunka duka su zama baki ɗaya. Zanen yatsanka yana nan cikin na'urarsu, shi kuwa ba ya canza suna. A dokar Ingila, wanda aka kama da ruɗi cikin neman biza ana iya hana shi shiga har shekara 10. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ta biyu, ƙaryar niyya. A ce ziyara za a je, alhali aiki ake nufi, a shiga a ɓace. Ibrahim, uban masu bangaskiya, ya taɓa faɗawa cikin irin wannan. Yunwa ta kai shi Masar, tsoro ya kama shi a bakin iyaka, ya ce Saratu 'yar'uwarsa ce. Ya sami tumaki da raƙuma, amma an ɗauke matarsa zuwa gidan Fir'auna, a ƙarshe kuwa sarkin da bai san Allah ba shi ya tsawata wa mutumin Allah, ya sa aka fitar da shi. Littafi bai ɓoye wannan ba domin mu koya. Wanda yake zaune a ƙasar mutane ba izni, in an hana shi ladansa ba ya iya kai ƙara, in ya yi ciwo yana tsoron asibiti, in ya ga ɗan sanda sai ya canza hanya. Kowa ya san asirinsa ya zama ubangidansa. Takardar ƙarya igiya ce a wuya, bakin igiyar kuwa yana hannun wanda ya rubuta maka ita.

Ta uku ta fi duka nauyi, watau ƙaryar addini. Harshenmu ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, tufafinmu ɗaya, sunayenmu da yawa ɗaya ne. Sai mai jaraba ya raɗa maka, ya ce, Wa zai gane? Ka karɓi bizar Umra, in ka shiga ka nemi aiki. Ɗan'uwana, laifi biyu ke nan a tafi ɗaya. Ka ci amanar maƙwabtanka, gama Makka wuri ne mai tsarki a gare su, bizar nan kuwa ta masu ibadarsu ce kaɗai, ba ta kuma ba kowa iznin aiki. Ka kuma yi musun Ubangijinka da alƙalami. Bitrus ya yi musunsa a bakin wuta, a gaban wata baranya, domin tsoro, ya fita ya yi kuka mai zafi. Kai za ka yi musunsa da sanyin safiya, a zaune, domin riyal? Inda aka tambayi addininka a takarda, ka rubuta abin da ka shaida ranar da aka yi maka baftisma. In ƙofar ta rufe saboda haka, to ba ƙofarka ba ce.

4. Yadda za ka gane dillalin kirki

Ba kowane dillali ne macuci ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana ba da lasisi ga kamfanonin da suke ɗaukar ma'aikata zuwa waje. Ka nemi ganin lasisin, ka sa wanda ya iya karatu ya bincika. Zuwa da kai ya fi aike: ka je ofishin da idonka. Mutumin da ba shi da ofishi sai lambar waya, wanda yake cewa, Maza, gobe za a rufe, wanda yake cewa, Kada ka gaya wa kowa, wanda ba ya ba da rasit, ka rabu da shi ko da ɗan garinku ne, ko da yana zuwa majami'a.

Sa'an nan ka nemi takardar yarjejeniyar aiki tun kana gida. A karanta maka ita da Hausa a gaban dattawa biyu. A ciki a ga sunan mai ba da aikin da garinsa, da irin aikin, da albashi, da sa'o'in aiki, da ranar hutu, da wurin kwana, da wanda zai biya magani, da wanda zai biya kuɗin jirgin komowa. Yakubu ya yi wa Laban aiki, kawunsa ne kuwa, duk da haka Laban ya canza masa lada har sau goma. In kawu ya yi haka, ina ga baƙon da ba ka jin harshensa?

A ƙasashen Larabawa na gabas an daɗe da tsarin da ake kira kafala, watau iznin zaman ma'aikaci yana rataye ga ubangidansa, kafili. A watan Maris 2021 Saudiyya ta sassauta wannan ga ma'aikatan kamfanoni, amma gyaran nan bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da masu kiwo da masu aikin gona ba, alhali irin ayyukan nan ne aka fi kiran mutanenmu dominsu. Saboda haka ka tambaya tun da wuri: in ubangida ya cuce ni, doka ta yarda in bar shi? Wa zan kai wa ƙara? Ke kuma 'yar'uwata, da ake kira aikin gida, wannan tambaya ta fi shafarki, gama za ki kwana cikin gidan da ba mai ganinki. Kada ki tafi sai danginki sun san sunan gidan da garin.

Dokokin nan suna canzawa, macuta kuwa suna sayar da tsohon labari. Mutane da yawa sun sami aikin kula da tsofaffi a Ingila a shekarun baya, amma a watan Yuli 2025 gwamnatin can ta rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje. A dokarsu kuma haram ne dillali ya karɓi kuɗi wurin ma'aikaci domin ya samo masa aiki. In ka ga alamar ana fataucin mutane, akwai hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 domin wannan, tana da ofishi a Kano. Kai ƙarar macuci aikin ƙauna ne ga wanda zai faɗa hannunsa bayanka.

5. Hanyar hamada

Akwai masu cewa, Me ya kai mu takarda? Ga Jibiya, ga Maraɗi, ga Agadas, daga nan sai Libiya ko Aljeriya. Ku ji abin da hanyar nan ta ci. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata da yara ne, da yawa daga Kance a ƙasar Damagaram, masu harshe irin namu. A 2017 duniya ta ga hoton yadda ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya kamar dabbobi a kara. An sayar da Yusufu ga ayarin Isma'ilawa a bakin azurfa 20, ashe kasuwar nan ba ta watse ba. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙi a 2015, ta soke ta a 2023, amma soke doka bai haƙa rijiya ko ɗaya a hamada ba. Ranka ba naka ba ne, an saye shi da tamani. Jefa shi cikin hatsari da gangan, kana cewa Allah zai kiyaye, gwada Allah ne.

6. Kafin ka taɓa gona

Ubangiji Yesu ya koya mana cewa mai son gina hasumiya yakan zauna tukuna ya yi lissafi. Ka zauna da matarka, ku rubuta: kuɗin fasfo, da gwajin lafiya, da allurar rigakafin shawara, da biza, da jirgi. Sa'an nan ku duba albashin da aka rubuta, ku cire ci da sha, ku ga wata nawa za ka yi kafin ka mai da abin da ka kashe. In lissafi bai fita a tsakar gidanku ba, ba zai fita a ƙasar waje ba.

Gonar gado kuwa, kada ka sayar. Nabot ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar kakanninsa ko da an yi masa tayin wadda ta fi ta. Gandu ba naka kaɗai ba ne, akwai haƙƙin ƙannenka da na 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Biza tana da ranar ƙarewa, gona kuwa kowace damina sabuwa ce. Kada kuma ka ci bashi da ruwa a kan alkawarin dillali. Kada ka fita da dare ba sallama. Ka nemi yardar matarka da albarkar iyayenka, ka bar musu hatsin da zai kai su kaka, ka gaya wa dattawan ikilisiya, su yi maka addu'a a gaban jama'a. Tafiyar da ba ta iya jure hasken rana, akwai abin da take ɓoyewa.

7. In ka isa

Ka riƙe fasfonka a hannunka, ka bar hotonsa da na yarjejeniyar aikin a gida. Ka san inda ofishin jakadancin Nijeriya yake. Neman haƙƙinka ba rashin tawali'u ba ne, gama Bulus ma da aka miƙe shi za a yi masa bulala ya faɗi cewa shi ɗan mulkin Roma ne, aka kuwa dakata.

Ka yi aikinka da aminci, ko ana ganinka ko ba a gani. Ka girmama dokar masu ƙasa da al'adarsu. Daniyel ya yi wa sarakunan Babila aiki ba a sami ha'inci a hannunsa ba, bai kuwa bar addu'arsa ba. Ka sani tun kana gida cewa a Saudiyya ba majami'a a fili, a Dubai da Doha da Kuwait kuwa akwai wuraren da aka yarda Kirista su taru. Sabon mai bi kamar dashe yake, ka auna ko za ka iya shekara biyu ba zumuntar 'yan'uwa. Ka tsare alkawarin aurenka, gama nisa ba ya warware shi.

Ka aiko da labarin gaskiya. Kada ka tsaya jikin motar wani ka ɗauki hoto ka aiko, alhali da yunwa ka kwana. Hoton nan zai iya sa ƙanenka ya sayar da saniya ya kama hanyar Agadas, alhakinsa kuwa yana wuyanka.

In wa'adi ya cika, ka sabunta izni ko ka komo. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da iznin zama mako biyu su fita. Mutanen da suka yi shekaru a zango, suka gina gidaje, suka haifi 'ya'ya, suka bar kome suka hau mota. A Janairu 1983 Nijeriya ma ta yi wa baƙinta haka. Daɗewa a wuri ba ta zama izni.

8. Ga masu zama a gida

Ya ku dattawa da iyaye, kada ku tura yaro da gori, kuna cewa ɗan wane ya aiko da kaza. In ɗanku ya komo hannu wofi, da gaskiyarsa da ransa, ku tarye shi da murna. Na'omi ta komo Baitalami ba miji ba 'ya'ya, daga gidan nan kuwa Allah ya fito da zuriyar Dawuda. Baƙin da suke zuwa ƙodago a gonakinmu kuma, ku biya su ladansu kafin rana ta faɗi, gama yadda kuke so a riƙe ɗanku a can, haka za ku riƙe ɗan wani a nan.

Kai kuwa mai shirin tafiya, ka amsa waɗannan a gaban Allah. Duk abin da aka rubuta a takarduna gaskiya ne? Na san sunan wanda zan yi wa aiki? Iyalina sun yarda? In an kore ni gobe, akwai abin da zan komo in tarar? In amsa huɗun nan i ce, ka tafi lafiya, Ubangiji yana can kamar yadda yake nan. In ɗaya ta zama a'a, ka dakata. Jinkiri da gaskiya ya fi sauri da ƙarya.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka san fitarmu da shigarmu, ka dubi samarinmu da 'yan matanmu da talauci ya matsa. Ka tsare bakinsu daga ƙarya, ka tsare ƙafarsu daga tarkon macuta. Ka buɗe wa mai tafiya ƙofar halal, ka sa wa mai zama albarka a gonarsa. Ka tuna da waɗanda suke tsare a ƙasashen nesa, ka komo da su gida. Ka ba mu zuciyar da ba ta jin kunyar sunan Ɗanka a gaban kowace hukuma. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.